Gwaggo da Takardar Abokin Wankana

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na unguwar Bukoki a Yamai, kan tsohuwar tabarmar da ta hana a canja mata da katifa. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Wannan kam ba mai gardama a kai, har ita da ta yi gardama da rabin Yamai.

Kwana uku na zauna cikin mata ina karɓar gaisuwa. Zabarmawan unguwa suna shigowa da gaisuwarsu ta "fonda tilas," mutanenmu na Arewa da na Adar suna cewa ya haƙuri. Matar tela ta faɗi a bakin ƙofa tana kuka, sai da aka ɗaga ta. Tsohuwa mai sayar da kopto, kwaɗon ganyen nan, a bakin hanya, wadda suka shekara suna zagin juna da Gwaggo a kan wurin zubar da ruwa, ta zo ta zauna a lungu, ta ƙi ci ta ƙi sha har magariba. Maza suna waje ƙarƙashin rumfa, zana kaɗai ce tsakaninmu, don haka duk abin da suka faɗa yana kunnena. A nan na ji Baffa, ƙanen Baba, yana gaya wa baƙi cewa marigayiya baiwar Allah ce mai haƙuri, ba ta da abokin faɗa. Wallahi da ba zaman makoki ba ne da na yi dariya. Baffan nan damina biyu ya yi yana zagayawa ta bayan gida don kada su haɗu. Liman ya fi shi gaskiya, shi cewa ya yi Allah ya yafe mata harshenta. Wani kuma da ban gane muryarsa ba ya yi ƙasa da murya ya ce to, yanzu 'yan matan unguwa za su san gidan ubansu. Ba wanda ya kwaɓe shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Na ga ana so a wanke ta fiye da yadda masu wankan gawa suka wanke ta, a mai da ita tsohuwa salaha wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba, sannan a manta da ita cikin kwanciyar hankali. Ban yarda ba. Gwaggo masifaffiya ce, kuma ni ɗaya ce cikin waɗanda suka ci moriyar masifarta.

Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta zo Yamai tun zamanin Nasara, bayan mijinta ya rasu, lokacin Bukoki bukkoki ne na gaske, ba bangon laka ko ɗaya. Nata 'ya'yan ba su zauna ba. Ungozoma ce, kuma kusan duk wanda aka haifa a layinmu da layuka uku na kewaye, a hannunta ya faɗo. Ita ke yanke cibiya, ita ke binne mabiyiya a bayan ɗaki, ita ke tsayawa kan wankan jego har a yi arba'in. Gajera ce, haƙoranta ja wur da goro da fure, tana tafiya da sauri kamar an biyo ta. In namiji aka haifa takan yi guɗa uku, in mace ce ta yi huɗu, yadda aka saba a garinmu. Sai dai ta huɗun nan Gwaggo ba ta sakinta da wuri. Takan ja ta har sai uban da ya ɓata fuska a zaure ya ji ta cikin haƙoransa. In ta fito ta gan shi a murtuke sai ta ce, "Mi ya faru? Kai namiji ya haife ka?"

Ba zan ɓoye halinta ba. Tana da saurin hannu, kunnena na hagu shaida ne. Ba ta iya ba da haƙuri, in ta yi maka laifi sai dai ka ga kwanon dambu a ƙofarka ba sallama. Ta taɓa korar wata amarya daga ɗakin mai jego don ta shigo da turare mai ƙarfi, ta bi ta da magana har titi. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, na boko ko na allo, in ban da surorin sallarta. Amma ka tambaye ta ranar da aka haifi wani, za ta gaya maka ranar mako, da abin da aka dafa a gidan, da wanda ya yi rowar itace.

Da aka samu 'yancin kai, aka yi ta kiran a kai yara lakwal, wato makarantar boko, mata da maza. Gwaggo ta ɗauki maganar da gaske fiye da masu faɗarta a rediyo. Gida gida ta bi. Ni da kanta ta ja hannuna ta kai ni tun kafin ma a sauke tutar Nasara, Baba yana hanya da kamyonsa, babbar motar kayan da yake tuƙawa, ya dawo ya tarar an riga an rubuta ni. Shiga lakwal ba ta da wuya a lokacin. Wuyar tana aji na ƙarshe, in za a yi jarrabawar satifika da ta shiga kwalej. A nan mushe, wato malamin aji, zai ce kowa ya kawo takardar haihuwa, don akwai shekarun da in ka wuce su ba ka zama jarrabawar kwalej. Nan fa ake gane wa aka haifa a idon gwamnati. 'Ya'ya maza da yawa suna da takarda, musamman waɗanda iyayensu suka yi aikin bariki ko tuƙi, don an san namiji zai nemi aiki wata rana. Mata kuwa, in ka cire ɗaya ko biyu, babu. Ba mugunta ba ce, in ji iyayen, ba wanda ya yi tunanin ɗiya mace za ta buƙaci takarda.

Wadda ba ta da ita sai ta je wani biro, ofishin gwamnati, da shaidu biyu, sakatare ya tambayi shekarar da aka haife ta, a kai gaban alƙali ya sa hannu. To wa ya san shekarar Nasara a Bukoki? Uwa za ta ce shekarar da aka yi fara, uba ya ce a'a, shekarar da gobara ta ci kasuwar itace. Sakatare ya gaji, ya ɗaga kai ya dubi yarinyar, ya rubuta abin da idonsa ya ba shi. Yarinyar da ta yi saurin girma ta shiga uku, don sai ya ɗora mata shekara biyu ko uku da ba nata ba, ya rufe mata ƙofar kwalej da alƙalaminsa.

Ɗiyar tela aka fara yi wa haka. Gwaggo ta dawo daga biro tana huci, ta zauna kan turmi tana ɓare goro ba ta ci. Can sai ta miƙe. Ta tuna matar tela da matar wani gardi sati ɗaya suka haihu, ita ta yi musu wankan jego tare, kuma matar gardi namiji ta haifa. Ta tafi gidan gardi ta ce a ba ta aron takardar yaron. Washegari ta shimfiɗa ta gaban sakatare ta ce, "Karanta ranar wanga. To wagga ɗiya ta girme shi da kwana biyar. Ni na yanke cibiyarsu su duka, in kana so in kai ka inda na binne." Sakataren wancan lokaci dattijo ne, ya yi dariya har ya cire tabarau, ya gyara takarda.

Daga nan abin ya zama aikinta. Kowace yarinya a unguwa Gwaggo ta nemo mata namijin da aka haife su kusa da juna, tana kiransa abokin wankanta, tunda iyayensu mata tare suka sha ruwan zafi. Takardun 'ya'ya maza suka zama kalandar 'yan mata. Takan naɗe su cikin farin ɗankwali ta sa a kwano mai murfi ta ɗora a ka. Ba ta iya karanta su ba, amma ba ta taɓa rikita su ba, wannan da ɗigon manja take gane ta, waccan da inda ɓera ya ɗan ci. Mazan unguwa suka tsane ta, don duk takardar da ta ara tana tona asirin wani uban da ya yi wa ɗa ya bar ɗiya. Kuma ba ta ƙarya a ciki. Wani ɗan kasuwa ya taɓa aiko mata da turmin atamfa don ta rage wa ɗiyarsa shekara ɗaya. Ta mayar masa da kanta, a gaban abokan cinikinsa, ta ce ranar da ta yi ƙarya sau ɗaya a biro, duk 'yan matan da ke bayanta sun rasa shaida. Ɗiyar tasa ta ba ta tausayi, ta yi kwana biyu ba ta da walwala, amma ba ta janye ba.

Sai abin ya zo kaina.

Ni doguwa ce tun ina ƙarama, na gado dangin Inna. Ina aji na ƙarshe na fi mushe kafaɗa. Ƙanena da ke bi na yana da takarda, Baba da kansa ya je ya yi masa kafin suna. Ni babu. Inna kuma ba ta iya tsaya mini shaida, don ni ce ɗiyarta ta fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban maza ta ba da labarin haihuwata. Mushe ya ce ranar Juma'a zai rufe sunayen masu jarrabawa, wadda ba ta kawo takarda ba ta nemi abin yi. Abin yina kuwa na san shi, kaskon masar Inna ne a bakin titi.

Ranar Litinin muka je biro ni da Gwaggo, ba kwano a kanta. Na lura da haka amma ban tambaya ba. Dattijon nan ya bar aiki, an kawo wani saurayi mai takalmi mai ƙara da alƙalami a bayan kunne. Bai ko amsa gaisuwar Gwaggo ba. Ya ce in tashi tsaye, na tashi. Ya ce in juya, na juya. Ya kafe ƙirjina da ido, sannan ya waiwaya ya faɗa wa abokin aikinsa wata magana da Faransanci, suka yi dariya. Ya manta 'yar lakwal ce a gabansa. Ya ce shekarata sha huɗu, ko ma sha biyar, na wuce.

"Mi ya ce?" in ji Gwaggo.

Hawaye suka zubo mini. Ta murɗe mini fatar hannu. "Na ce mi ya ce?"

Na gaya mata duka, har da maganar da ya yi wa abokinsa. Gwaggo ta cire goron bakinta ta riƙe a hannu, abin da take yi ke nan in za ta yi magana mai tsawo.

"Kai ɗan nan, akuya aka kawo maka? Akuya ce ake duba haƙori da hantsa a faɗi shekarunta. Wagga ɗiyar mutane ce. Nasara ya tahi, an ce mu ne da ƙasarmu, ashe kujerarsa kawai aka ba ka, ba a ba ka kunya ba. Kana da ƙanne mata? Haka kake juya su?"

Mutanen da ke jira a benci suka zuba masa ido. Saurayin ya miƙe, kunnuwansa kamar za su kama wuta, ya ce, "Tsohuwa, nan ba kasuwa ba ce. An ce ke ce mai yawo da takardun mutane. Kawo takarda, in ba haka ba abin da na gani shi zan rubuta."

Muka kama hanyar gida, Gwaggo na gaba ina biye. Da muka shiga ta tsaya kan Inna tana wanke kasko. Inna ba ta ɗago ba, ta ce, "Yaya, a bar shi." A ranar na ji labarin abokin wankana. Kwana uku na ba shi. Uwarsa Bazabarma ce, bukkarsu na jingine da tamu, ubansa yana aiki a jirgin fito, shi ya sa aka yi masa takarda. Tukunya ɗaya Gwaggo ta riƙa dafa wa Inna da uwarsa ruwan wanka. Mun fara tafiya tare, an yaye mu tare. Ƙyanda ta shigo unguwa, ta kwantar da mu biyun, ni na tashi shi bai tashi ba. Bayan haka iyayensa suka ƙetare gulbi suka koma Harobanda, uwar ba ta sake haihuwa ba, ba ta kuma sake taka Bukoki ba. Duk watan da aka haife ni ba wani namiji mai takarda sai shi.

Baba ya dawo daga hanya ranar Talata, ƙura har gira. Inna ta raɗa masa. Ya tarar da Gwaggo a tsakar gida.

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Za ki je ki tone wa baiwar Allah ciwon da ta binne, saboda lakwal? Me mutane za su ce da mu?"

"Kai ka aike ni," in ji Gwaggo. "Da ka taka ƙafarka zuwa biro ranar da aka haife ta, yadda ka ruga da gudu ranar da aka haifi ƙanenta, da mi zan nema a Harobanda?"

"Shekara shida ta yi tana karatu, ya isa. Ta iya rubuta wasiƙa, ta iya lissafi. Ni ubanta ne, na ce a bar maganar."

"Ni kuma na goye ka kana yi mini fitsari a baya. Kada ka ɗaga mini murya a gaban ɗiyarka."

Baba ya ce in ta tafi da ni ba da yawunsa ba. Gwaggo ta ce ta ji, ta ci gaba da tsince wake.

Gaskiya ita ce Baba bai yi ƙarya duka ba, kuma ni ma na san haka. Na kwana ina tunanin matar nan. Da safe na je ɗakin Gwaggo na ce na haƙura, masa ma sana'a ce. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke za ki roƙa? Ni zan roƙa. Kunyar tawa ce, ni zan ɗauke ta. Ke ɗauko takalmanki."

Ba a gina gada ba tukuna, kwale-kwale muka shiga. A nan na gano abu ɗaya da Gwaggo ke tsoro a duniya. Tun da ta zo Yamai ba ta taɓa ƙetare gulbin ba. Da mai fito ya tura jirgi sai ta runtse ido, ta damƙe wuyan hannuna, ta kama Ƙulhuwallahu tana maimaitawa ba numfashi. Wata mai kifi ta tambaye ta da Zabarmanci ko lafiya, Gwaggo ta ce da ita ta yi mata shiru kada ta girgiza jirgin. Har muka sauka ba ta buɗe ido ba, kuma shatin yatsunta ya kwana a hannuna.

Muka yi ta tambaya har aka nuna mana gidan. Matar tana tsakar gida tana sheƙar shinkafa. Tana ganin Gwaggo ta ajiye faifai ta durƙusa har ƙasa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa ta kai ta kawo, ya gida, ya maigida, ya mutanen Bukoki. Gaisuwa ta ƙare. Gwaggo, wadda ta tsayar da biro guda da bakinta shekaranjiya, ta zauna tana jujjuya ƙoƙon ruwa ta kasa farawa. Matar kuwa ni take kallo. Ta dubi ƙafata, ta dubi kaina. Hausarta ta kasuwa ce, gajera, ba kwana.

"Gwaggo, wannan ita ce?"

"Ita ce."

"Da yanzu ya kai haka."

Gwaggo ta ajiye ƙoƙon. Ta ce, "Ɗiyata, na zo da abin kunya, kuma ba zan zagaya ba. Takardar yaronki nike so. In babu ita, jibi za a fitar da wagga daga lakwal. In kin hana ni ba ki yi laifi ba, zan tashi in tahi, ba kuma wanda zai ji."

Kaji suka zo suna cin shinkafar, ba wanda ya kore su. Can matar ta tashi ta shiga ɗaki. Muka ji tana sauke kwanoni ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe. Ta fito da ƙaramin gwangwani, ta buɗe, takardar na ciki a ninke huɗu tare da wata 'yar hula ta jariri. Ta riƙe gwangwanin a ƙirjinta ta ce, "Ba zan ba ku ba."

Gwaggo ta ce, "To," ta fara neman takalminta.

Matar ta ce, "Ni zan kai da hannuna. Gobe. An ce shaida biyu ake so, ko ba haka ba?"

Ranar Alhamis da safe muka same ta a ƙofar biro, ta riga mu zuwa, ta sha fararen kaya. Saurayin nan ya gan mu ya haɗe rai. Matar ta buɗe takardar ta ɗora a teburinsa, amma ba ta ɗauke yatsanta daga gefen ba. Gwaggo ta faɗi nata, ba zagi ko ɗaya wannan karon. Ta ce ni aka haifa ranar Lahadi, shi ranar Laraba, tukunya ɗaya, itace ɗaya, ita ta yanke cibiya biyun. Sakatare ya duba ranar, ya ƙirga da yatsa, ya sake dubana, bai so ba. Ya ce, "Ina yaron? Ku kawo shi in tsayar da su tare in gani."

Matar ta ce, "Yana ƙasa. Ita ce a tsaye. Rubuta."

Ban san abin da ya ji a ransa ba, kuma ba zan ƙaga masa ba. Na dai ga ya cire alƙalami daga bayan kunne ya rubuta, bai sake ɗaga ido ba. Ya kai mu gaban alƙali da kansa. Gwaggo ta dangwala yatsa, matar ta dangwala. Shekarata sha biyu, kamar yadda take. Ranar Juma'a da safe takardar na hannun mushe. Baba bai yi wa Gwaggo magana ba har bayan sallar layya, amma ranar jarrabawa shi ya kai ni a gaban kamyo, yana ta faɗa wai na sa shi makara. Na ci. Yau ni ce ke tsaye gaban allo a wata lakwal ta unguwar Yantala, kuma duk shekara in na karɓi aji, abin da nake fara tambayar iyaye shi ne takardun 'yan matan.

Amma abin da ya fi zama mini a rai ya faru ne a ranar Alhamis ɗin, bayan mun fito daga wurin alƙali. Muka zauna a gindin wata bishiya a ƙofar biro don Gwaggo ta huta. Matar ta fito da takardar za ta ninke, sai ta tsaya. Ta miƙo mini.

"Ke 'yar lakwal, karanta mini. Tun da aka kawo ta ba wanda ya gaya mini abin da ke ciki."

Na karɓa. Na karanta sunan garin, da ranar, da watan, da shekarar, ina mayar mata da Hausa. Na karanta sunan mijinta, na karanta nata. Sannan na karanta sunan yaron. Ɗanta na fari ne shi ma, don haka bakinta bai taɓa furta sunan ba, yana raye ko bayan ya mutu, mutane kuma sun daina faɗarsa a gabanta don tausayi. Ta rufe ido ta ce in sake. Na sake. Ta ce in ƙara sau ɗaya. Na ƙara. Gwaggo ta juya mana baya tana gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Muka raka matar har bakin gulbi. Da jirginta ya yi nisa, Gwaggo ta fyace hanci da bakin zane, ta dawo yadda na san ta. Ta kama kunnena, na hagun, ta ce, "To, kin gani da idonki. Wurin mutum biyu za ki zauna a lakwal ɗin nan. Duk wanda ya ce ki tashi, ko wane ne, ki turo mini shi."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata kabari, ya karɓe ta da hannu mai taushi kamar yadda ta karɓi 'ya'yan mutane. Yanzu ba ta nan balle a tura mata kowa. Saboda haka ina gaya wa 'yan matan Bukoki, da na Yantala, da na ƙetaren gulbi: duk wanda ya ce ku tashi, ku turo mini shi.